Dokta, Na Wanke Kwalaben

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Wanda Ya ba da aron rai Shi ne Ya karɓi abinSa.

Da safiyar Litinin, sha ɗaya ga watan Safar, wajen ƙarfe tara da kwata, ina tsaye a bakin famfon ɗakin gwaje-gwaje hannuwana a jiƙe, aka leƙo aka ce ana nemana a ofishin shugaban sashe. A can aka shaida min cewa Dokta ta rasu. Ta idar da sallar asuba, ta ce wa maigidanta kanta yana sara mata, ta ɗan kishingiɗa a kan sallaya, kafin a isa asibiti da ita rai ya yi halinsa. Shekararta hamsin da shida.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce malamar da ke binciken illar magungunan gargajiya a sashenmu. Ni kuwa ma'aikaciyarta ce. Shekara goma sha bakwai ina kula mata da ɓerayen gwaji, ina aunawa, ina rubutawa. Yau kwana goma sha biyu da rasuwar. An ce in rubuta wani abu tunda na fi kowa daɗewa a gefenta. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, saboda ban saba magana a kanki ba, Dokta. Da ke na saba magana. Ki yi haƙuri in yi yadda na saba.

Wankin kwalabe aka ɗauke ni yi, ba ni da komai sai takardar sakandare da karatun allo. Wata rana kika tarar na kwafe miki nauyin ɓeraye daga wata yagaggiyar takarda zuwa babban littafi, don na ga za ta ɓata. Kika bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kika ɗago kika tambaye ni wa ya koya min kula da ɗigo haka. Na ce malaminmu na allo, shi kan ce ɗigo ɗaya yana mayar da harafi wani harafin. Bayan mako biyu sai ga farar riga an kawo min, da takardar shiga kwas na shekara biyu, kin riga kin cike ta, sa hannuna kawai ya rage.

Ranar da aka fara fiɗar ɓeraye a gabana, na fita bayan ɗakin na yi kuka. Kika biyo ni. Na tambaye ki ko Allah ba zai kama mu da ran waɗannan halittu ba. Ba ki yi min dariya ba, ba ki kuma ce min ai ba wani abu ba ne. Kika ce ke ma kina tsoron wannan tambayar, shi ya sa ba kya ɗaukar ɓera shida inda biyar za su isa, ba kya bari a taɓa ko ɗaya sai an sa shi barci. Kika ce, "In za mu ɗauki ransu, to kada mu bari ya tafi a banza da ganganci." Tun daga ranar nake yin bismillah kafin in kama kowanne, ke kuma ba ki taɓa ce min in yi sauri ba.

Ke kika laƙaba min Uwar Ɓeraye, har sunan ya bi ni gida. Shekarar da aka yi min aiki a ciki na yi wata biyu a kwance, ke da kanki kike zuwa Asabar da Lahadi kina sauya musu dusar katako, kina wanke kwanukan ruwansu, alhali kina da ɗalibai da za ki iya sawa. Kika zo duba ni da yatsa a naɗe da bandeji, kika ɗaga min shi kika ce, "Uwar Ɓeraye, 'ya'yanki ba su da tarbiyya. Ki tashi ki zo ki karɓi abinki." Na yi dariya har ɗinkin ya ɗaure min.

Akwai laifina na farko, wanda sai an san shi za a gane na biyu. A shekarata ta uku muna gwada wani sassaƙe. Na san kejin da ake ba magani mafi ƙarfi, na ga suna ramewa, tausayi ya kama ni. Na riƙa ƙara musu abinci a ɓoye, ina matsar da kejinsu inda ya fi ɗumi. Da aka zo lissafi, nauyinsu ya ƙi faɗin gaskiya, aikin wata guda ya lalace. Ni na je na faɗa miki da bakina, ina jiran takardar sallama. Kika dube ni kika ce, "Tausayinki ba zan iya cire shi ba, ba kuma na so in cire. Sai dai in rufe masa ido."

Daga nan kika sauya mana tsarin aiki. Keji huɗu, kowanne da launinsa: ja, kore, shuɗi, rawaya. Kwalabe huɗu masu duhu, kowace da zaren launin kejinta a wuya. Ɗaya ruwa ne zalla, uku kuma tataccen ruwan ganye ne, wani ya fi wani ƙarfi. Kowace Litinin da hantsi kina rufe ƙofa ki haɗa na mako guda, ki ɗiga musu launi iri ɗaya don kada ido ya bambance. Ni nawa in ɗura wa kowane keji daga kwalbarsa, in auna, in rubuta. Wace kwalba ce ruwa, wacce ce mafi ƙarfi, ke kaɗai kika sani, sai ranar ƙarshe ki buɗe ambulan ɗin da kika rubuta amsar a ciki. Tsarin ya sha cetonmu. An taɓa samun keji guda ya kwanta ciwo, duk muka yanke cewa maganin ne, da aka buɗe ambulan ashe masu shan ruwa zalla ne, wata cuta ce ta shige su.

Aikin da kika rasu kika bari, ni na jawo miki shi. Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, tela ne, yana da ciwon suga. Wata takwas da suka wuce ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma shan wani ganye da ake dafawa, safe da yamma, a cikin filas. Ba zan rubuta sunan ganyen a nan ba, domin kin hana mu ambaton sunan tsiro da sharri ko da alheri kafin a gama aiki. Na yi masa magana har na gaji. Kullum amsarsa ɗaya: "Likitar ɓeraye, kawo min takarda daga ɗakinku, in ta ce yana illa in bari." Da na kawo miki kukana, ba ki ce wannan matsalar gidanku ce ba. Kika tambaye ni mutum nawa na sani da ke shan sa. Na ƙirga miki tara a layinmu kaɗai. Kika ce in kai ki wurin mai sayarwa.

Na ɗauka faɗa za a yi. Baba Mai Ganye tsoho ne, rumfarsa ƙarama, ƙulle-ƙullen ganye a rataye a igiya. Kika tsuguna kika gaishe shi kamar mahaifinki, kika gaya masa abin da ya kawo ki ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce a wurin kakarsa ya gaji ganyen, amma ita kwana bakwai take ba mutum ta tsayar, yanzu kuwa mutane sha suke yi kamar shayi, shi ma abin yana damunsa. Washegari sai ga shi a ƙofar sashenmu da buhu guda a kan keke. Ya ce, "'Yata, ki duba min. In yana kisa ki faɗa min tun ina da rai, kada in je can in tarar da mutane suna jirana." Kin sha maimaita min wannan magana, kina cewa da duk masu digiri suna da irin tsoron Allahn tsohon nan da an huta.

Mako uku muna shanya ganyen a inuwa, muka niƙa, muka jiƙa, muka tace, muka ƙafar da ruwan har ya koma wani ɗan gari mai duhu da bai cika gwangwanin madara ba. Wata huɗu kina bin takardar izini daga ofis zuwa ofis. Gwajin kwana ashirin da takwas ne, ɓeraye ashirin, biyar a kowane keji.

A ranar farko kika miƙo min ambulan ruwan ƙasa, a liƙe, kin sa hannu a kan bakinsa. Kika ce in ajiye a lokata, inda nake kulle kayana, saboda halin rayuwa. Na mayar da hannuwana baya. Na ce ina tsoron amana, ina tsoron ranar da zan ga wani keji yana wahala zuciyata ta raya min in ɗaga ambulan a hasken taga. Kika yi murmushi kika ce, "Ke dai da tsoron abin da ba za ki taɓa yi ba," kika jefa shi cikin jakarki. A lokacin gani nake tsantseni na yi. Yanzu ban san sunan da zan ba shi ba.

Daga kwana na goma sha biyar kejin rawaya ya fara sauyawa. Gashinsu ya tashi, suna shan ruwa kamar ba sa ƙoshi, nauyinsu yana raguwa kullum. Ɗaya ya mutu ranar sha takwas, wani ranar ashirin. Na kawo miki littafin ina kallon fuskarki ko zan karanci wani abu. Kika rufe littafin kika ce, "Kada ki kalle ni, ki kalli sikeli. Saura kwana takwas."

Ranar Lahadi, kwana na ashirin da ɗaya, na zo na ɗura musu na ƙarshen makon. Akwai ɗan saura a gindin kowace kwalba, kamar cokali biyu. Litinin da sassafe na yi abin da na saba yi kowace Litinin shekara goma sha huɗu. Na zubar da sauran a famfo, na wanke kwalaben da sabulu da buroshi, na ɗauraye sau uku, na kife su a kan tire don ki zo ƙarfe goma ki tarar da su a bushe. Ina ɗauraye ta huɗu aka zo kirana. A lokacin kin yi awa uku da barin duniya, ana ta neman lambata, wayata kuwa tana cikin loka, domin ke kika hana shiga da waya ɗakin dabbobi.

Sai bayan kwana biyu na gane abin da na aikata. Shugaban sashe ya zo ya tsaya a kan tiren, ya ɗaga kwalba ɗaya ya leƙa cikinta. Ya ce, "Hajiya, da kin bar ko cokali ɗaya a kowacce, da mun ƙafar mun auna garin, mun san wacce ce wacce." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya yi min faɗan.

Ba wanda zai iya haɗa na mako na huɗu, don haka aka tsayar da gwajin. Na sa sauran sha takwas ɗin barci da hannuna, aka ɗebi jininsu, aka cire hanta da ƙoda. Sakamakon ya fito. Ƙodar 'yan kejin rawaya ta lalace ƙwarai, sauran keji uku lafiya lau. Zuciyata tana gaya min cewa rawaya su ne masu shan mafi ƙarfi. Amma zuciyata ta taɓa gaya min haka a kan masu shan ruwa zalla. Shugaban sashe ya ce ba zai sa hannu a kan takardar da ba a san wa ya sha me ba, kuma gaskiyarsa. Na ce a sake daga farko. Ya ce izinin da sunanki aka bayar, garin da ya rage ba zai kai mako biyu ba, sai an samu malamin da zai ɗauki aikin, watakila baɗi.

Na zazzage ofishinki, kowace durowa, kowane fayil. Maigidanki, Allah Ya saka masa, ya bar ni na shiga ɗakin karatunki ana tsakiyar karɓar gaisuwa, babbar 'yarki ta taya ni muka juye jakunkunanki uku a kan gado. Mun samu biro goma sha ɗaya, da tsofaffin katunan asibiti, da alewar da kike ajiye wa jikoki. Ba mu samu ambulan ba. Ina kunyar yarinyar nan har yanzu. Uwarta ta rasa, ni kuma na sa ta neman takarda.

Baba Mai Ganye ya zo gaisuwa, ya jira ni a waje. Ya ce, "'Yata, an gama?" Na gaya masa komai, abin da na gani da abin da ban sani ba. Ya murza hularsa. Ya ce ɓeraye biyar sun isa su hana shi barci, shi ba ya buƙatar takarda. A ranar ya sauke ganyen daga igiya. Sai dai ya ce in sani ba shi kaɗai ke sayarwa ba, akwai wasu huɗu a kasuwar, su kuma ba za su saurari tsoho ba sai da hatimi.

Daga wurinsa na wuce shagon Yaya. Na tarar yaronsa na fari ne a kan keken ɗinki, shi yana zaune a benci, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga, filas ɗin yana gefensa. Na ba shi labari kamar yadda na ba Baba. Ya yi dariya ya ce, "To ai kin kawo min albishir. Keji uku lafiyarsu ƙalau, ni ina cikin ukun." Na ce Yaya dubi ƙafarka. Ya ce zama ne, duk tela haka yake. Sai ya ga ina hawaye, ya daina dariyar. Ya ɗauki filas ɗin ya buɗe murfin, ya riƙe shi a saman kwata. Ya ce, "Ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba tun kina 'yar mitsitsiya. Ce min guba ne, kin tabbata, in zubar yanzu a gabanki."

Dokta, kalma biyu ce. Na ji su a kan harshena. Na tuna ke, na tuna ranar da za a tambaye ni a kan abin da na shaida ba da sani ba. Na ce, "Yaya, ina tsoron guba ne, amma ban tabbata ba." Ya mayar da murfin ya ɗaure.

Bayan kwana huɗu fitsari ya ɗauke masa, aka kai shi asibiti. Ƙodarsa ce. An fara yi masa wankin jini shekaranjiya. Na tare likitan a baranda na tambaye shi, ganyen ne ko sugan da ya bar wa magani? Ya ce kowanne yana iya yin haka, ba zai iya rabe min ba. Na tambaye shi ko kwana huɗun nan sun ƙara wani abu. Ya ce, "Hajiya, wannan sai Allah." Jiya Yaya ya buɗe ido ya gan ni a bakin gado da carbi, ya ce, "Likitar ɓeraye, daina wannan fuskar, ba ke kika ɗura min ba." Matarsa ba ta ce min komai ba, ban kuma ga laifinta ba.

Na kai tambayata wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce ƙaryar da za ta ceci rai an yi rangwame a kanta. Ɗayan ya ce na faɗi iyakar abin da na sani, ba a nemi fiye da haka daga gare ni ba. Na fito daga wurin kowannensu da nauyin da na shiga da shi. Ke ce kaɗai da za ki gaya min gaskiya ko da za ta yi min ciwo, ki kuma miƙo min shayi bayan kin faɗa.

Saboda haka nake roƙon iyalanki, da ɗalibanki, da duk wanda ya ari littafi a hannunki cikin wata biyun nan. Ambulan ne ƙarami, ruwan ƙasa, da sa hannunta a kan bakinsa. Tana da ɗabi'ar sa takarda a tsakiyar littafi ta manta. Don girman Allah ku girgiza littattafan kafin ku mayar da su kanta, ku duba aljihun mota, ku duba cikin Alƙur'aninta. Wanda ya samu kada ya buɗe, ya kai wa shugaban sashe a liƙe, don kada a ce an taɓa. Layi huɗu ne kawai a ciki. Yayana ya riga ya sha abin da ya sha. Amma akwai mutum takwas a layinmu da suka dafa nasu yau da safe, ni kuma ina wuce ƙofofinsu ina gaishe su, ba ni da abin da zan nuna musu.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Mun shaida ba ta taɓa rubuta lambar da ba ta gani ba, ba ta wulakanta na ƙasa da ita ba, ta ji tsoronKa a kan ran ɓera balle na ɗan Adam. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka sa duk wanda ya tsira daga wata cuta ta dalilin aikinta ya zama nauyi a mizaninta. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Abin da na ɓata mata na aikinta na ƙarshe, Ka yafe min, Ka sa kada a rage mata ladansa saboda kuskurena.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da jikokinta, da mahaifiyarta da ta ga wannan rana da tsufanta, da ɗalibanta da abokan aikinta. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya tsaya muku a inda take tsaya muku. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, ina roƙonsa ya haɗa da Yayana. Allah Ya jiƙan ki, Dokta. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.